Abin da Na Ji a Rigasa

Shekara ashirin da uku ina bisa Ɓauna,
sunan da muka raɗa wa tsohuwar katafilar dizal,
mai tarin asuba kamar dattijon da taba ta cinye.
Sai ka lallashe ta, ka zage ta, ka ɗura mata mai,
sannan ta yarda ta miƙa hannu ta gaida ƙasa.
Ni da ita muka haƙa magudanar Kakuri,
muka fasa marmarar Mando,
ta cinye jin kunnena na hagu, ban kai ƙara ba.

Ran Litinin aka sauke sabuwa a Rigasa,
gefen titin da ya nufi tashar jirgi.
Ba bututun hayaƙi, ba tankin mai.
Na kunna, na jira ruri. Tsit.
Na leƙo na ce wa Injiniya Saratu, ai matacciya ce.
Ta ce, Baba Tanko, da ranta, kai take jira.

Na taɓa sanda, hannu ya tashi,
haƙoran bokiti suka nutse cikin jar ƙasa.
Ashe ƙasa tana da murya.
Saiwar darbejiya na tsinkewa ɗas,
tsakuwa na zuba kamar gero a kwano,
can gindin mangwaro Talatu na rigimar canji,
yau ba ta rufe ƙosanta da kwali ba.
Na koma gida, matata ta shinshina rigata,
ta ce, ina ka yini?

Kada in yi mata kirarin da ba nata ba.
Kafin la'asar ƙarfinta ya ƙare,
ta kwanta da igiya a ciki kamar mai ƙarin ruwa,
alhali Ɓauna kan kai magariba tana huci.
Daren nan aka ɗauke wuta,
muka tayar da janareta don a ba ta caji:
hayaƙin da aka kora ta zaure
ya zagayo ta bayan gida.
Barau bakanike ya zo daga Panteka,
ya zagaya ta sau biyu da sifana a hannu,
bai sami inda zai kama ba.
Ya ce, wannan kwamfuta take jin maganarta,
ni kuwa 'ya'ya bakwai gare ni.
Jarkar da kan sulale ta ƙarƙashin shinge
ita ma ta yi ritaya, ba wanda ya yi mata addu'a a fili.

Sai ran Alhamis.
Ina juyo da bokiti cike,
wata murya daga cikin rami ta ce, tsaya.
Ba ihu ba ma. Tsaya kawai.
Na saki sanda.
Yaro ne lebura, shebur a hannu,
ƙarfe na lilo kamu ɗaya daga ƙeyarsa.
Ya kaɗe hula, ya ci gaba da aiki.

Ni ne ban ci gaba ba.
Daminar Kakuri ta faɗo mini,
laka har gwiwa, Ɓauna na ruri,
Jatau a ƙasan rami.
Sun ce sau uku ya kira sunana.
Kamfani ya ce ƙaddara, na ce ƙaddara,
shekara goma sha ɗaya ina faɗa
ina sauya hanya in zan wuce Kasuwar Barci,
inda yake ɗinkin takalma da sanda a jingine.

Ban san wadda za ta gaji wata ba,
lissafin nan na masu biro ne.
Na dai tashi aiki ban jira mota ba,
na hau Keke zuwa Tudun Wada.
Ya ɗago, ya dube ni, ya matsa a benci.
Na cire takalmina na miƙa masa.
Ya juya shi, ya juya,
ya ce, Tanko, babu inda ya yage.
Na ce, na sani.
Yi magana ta wannan kunnen, ina ji.